Janaretana yana ɗaukar zafi: yadda aikin kafireto yake tafiya

Asabar, 8 ga Maris

Na fara wannan rubutun ne don in riƙa ajiye abin da na taɓa a jikin injin da abin da ya biyo baya. Idan mutum ya taɓa abu uku a lokaci guda, ko injin ya gyaru ba zai san wanne ne ya gyara shi ba.

Janareta ne ƙarami mai kilowat 2.5. Injinsa silinda ɗaya ne, 196cc, irin wanda baƙin mai daban, fetur daban, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. An ƙera shi a kan tsarin Honda GX200 kamar akasarin injinan wannan girman, don haka alƙaluman GX200 zan riƙa bi wajen awo. Ya yi wata biyar a ajiye da fetur a tanki da cikin kafireto. Ban tsiyaye shi ba, kuma tun yanzu ina zargin daga nan matsalar ta faro.

Wajen tashi ba shi da gardama, ja biyu ya kama. Amma da zarar an buɗe cok sai ya shiga hawa da sauka kamar mai haki, hannun gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, yana ta kai-komo. Idan aka ɗora masa lodi sai hakin ya lafa, har mutum ya ɗauka lafiya ta samu. Minti ashirin a haka sai ƙaurin baƙin mai ya fara tashi, muryarsa ta bushe, ƙarfinsa ya fara ja da baya. Jiya da dare na kashe fitilar da ke kusa na leƙa ta gefensa, sai na ga wuyan salansa, daidai inda ya fito daga kan silinda, ya yi ja kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Da na kashe shi ya yi "tas" sau ɗaya ta salansa, sannan ƙarfen ya yi ta ƙas-ƙas yana hucewa.

Yau awo kawai na yi. Na haɗa masa abin dafa ruwa mai wat 1,500 da fitila mai wat 500, jimla 2,000, wato kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Wannan lodin zan riƙa amfani da shi har ƙarshen aikin. Ma'aunin zafina irin wanda ake haskawa daga nesa ne, kuma alminiyam mai ƙyalli yana sa shi nuna ƙasa da gaskiya, saboda haka na ɗiga baƙin fenti kusa da gindin fulogi, nan zan riƙa aunawa kullum. A minti na ashirin ya nuna digiri 218. Ban jira ya ƙara ba na kashe.

Duk gwajin nan a fili nake yinsa, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙin inji yana ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kwance fulogi da safe injin yana sanyi. Farin tangaran ɗin da ke kewaye da tsinken tsakiya ya yi fari fat kamar alli, a bushe, har da 'yan ƙuraje a jikinsa. Fulogin injin da ke samun mai daidai launin ƙasa-ƙasa yake yi. Wanda mai ya yi wa yawa yakan fito baƙi wuluk da kunkunniya. Wannan kuwa yunwar mai yake nunawa ƙarara.

Na ƙara wani gwajin mai sauƙi. Na tada shi ba lodi, ya fara hakinsa, na mayar da cok rabi. Nan take ya daidaita, muryar ta zama ɗaya. Cok ba ya yin komai illa rage iskar da ke shiga, don haka idan rage iska ya gyara inji, to iska ce ta fi mai yawa a haɗin.

Aikin kafireto ke nan gaba ɗaya: gauraya iska da fetur daidai gwargwado. A lissafi, giram 14.7 na iska ne ke ƙone giram ɗaya na fetur ƙurmus. Amma ƙananan injina masu sanyaya da iska ba a barinsu a wannan awon idan suna ɗauke da kaya. Ana ƙara musu mai har haɗin ya koma wajen 12 ko 13 na iska a kan ɗaya na fetur, domin a nan ƙarfi ya fi fitowa, kuma rarar fetur ɗin da ke zama tururi a cikin silinda tana kwashe zafi. Wato fetur ɗin kansa yana cikin abin da ke sanyaya injin. Idan haɗin ya fara tsinkewa, wannan rarar ce ke fara ɓacewa, wuta ta ƙara zafi. Idan ya ƙara tsinkewa sai ƙonewar ta yi jinkiri, har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe wutar ba ta gama ci ba, ta bi ta wuyan salansa. Jan da na gani shekaranjiya ke nan.

Da na fahimci haka sai na yi abin da kowa ke fara yi, na ɗauki sukudireba na nufi sukurun haɗi da ke gefen kafireto. Kafin in taɓa shi na murɗa shi ciki a hankali ina ƙirgawa har ya zauna: zagaye biyu cif. Ba a matse shi, don bakinsa siriri ne kamar allura, yana lanƙwashewa ko ya ɓata mazauninsa. Na fito da shi zagaye uku. Hakin ya ragu kaɗan. Na sa lodi, minti ashirin, digiri 215. Bambancin digiri uku ba komai ba ne, iskar da ke kaɗawa ma tana iya kawo shi. Na mayar da sukurun zagaye biyunsa.

Talata, 11 ga Maris

Na kira yayana, wanda ya daɗe yana gyaran irin waɗannan injinan, na zayyana masa komai. Ya saurara har na kai ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko da lodi yake ɗaukar zafin ko ba lodi. Na ce da lodi.

Ya ce, "To ƙanena, me ya kai ka wancan sukurun? Shi ƙaramar hanya yake tsaro, ta lokacin da totur yake kusan rufe. Da an ɗora kaya gwamna ya buɗe totur, mai ta babban jet yake bi, shi kuma ba shi da sukuru, rami ne kawai."

Na ce, "Yaya, ashe ba a saita shi ke nan?"

Ya ce, "Ana wanke shi, ko a canja shi. Amma kafin ka buɗe kafireto, cire murfin fanka ka ga ko iska tana isa inda ya kamata."

Da yamma na cire murfin. Fikafikan fankar da ke jikin filawil duk lafiyarsu lau, babu wanda ya karye. Amma tsakanin haƙarƙarin silinda, waɗannan siraran alminiyam ɗin da iska ke bi ta cikinsu, ƙura ta haɗu da maiƙo ta zama kamar laka, musamman ta ɓangaren salansa inda ido ba ya kaiwa. Na kankare da tsinken katako da burushi, na wanke, na bar shi ya bushe. Na duba makullin filawil tunda ga ni a wurin, don idan ya goce lokacin tartsatsi yana canjawa, shi ma yana kawo zafi. Yana nan daram. Bayan na mayar da komai, awo ya ba ni 204. An samu sauƙi, amma da saura.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau na sauke kafireto. Na rufe famfon mai, na cire murfin matatar iska, na kwance noti biyu masu lamba 10. Kafin in zare sandar gwamna da siririn sifirin da ke lulluɓe da ita na ɗauki hotonsu, domin wannan sifirin shi ke cinye lakon da ke tsakanin sandar da totur, idan aka manta da shi inji ba ya daina rawa.

Da na kwance kofin da ke ƙasa, warin tsohon fetur ne ya fara tarye ni, wari mai tsami kamar na fenti. A gindin kofin akwai wani danƙo ruwan zuma da ya bushe ya manne, da ɗigon ruwa biyu suna birgima a ƙarƙashin ragowar man. Haka fetur yake yi idan ya daɗe: ɓangarensa mai sauƙi ya tashi, mai nauyin ya zauna ya zama ƙaro. Idan kuma an gauraya shi da etanol, yana jawo danshi daga iska.

Babban jet yana cikin ginshiƙin tsakiya, ɗan tagulla ne da bai kai ƙwayar wake ba. Yana buƙatar sukudireba mai faɗin da ya cika tsagarsa daidai, in ba haka ba tagullar ta gutsure. Na fito da shi na ɗaga shi sama ina kallon haske ta cikinsa. An buga masa lamba 72, wato faɗin raminsa wajen milimita 0.72 ne. Haske yana wucewa, shi ya sa da na yi gaggawa da na ce a buɗe yake. Sai da na sa gilashin ƙara girma na ga ramin ba da'ira ba ne yanzu, wani kore-kore ya yi masa zobe ta ciki, ya fi kauri ta gefe ɗaya.

Wannan ɗan zoben ya isa ya yi duk ɓarnar. Yawan man da rami ke wucewa da shi yana bin filin bakinsa ne, shi kuma filin yana bin faɗin da aka ninka da kansa. Idan 0.72 ya tsuke ya koma 0.65, ido ba zai ga bambanci ba, amma filin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Injin da aka tsara wa haɗin 12 da rabi sai ya tsinci kansa a sama da 15. Lissafin yana aiki ta ɗaya gefen ma, kuma shi ya sa ba na goyon bayan masu zura allura ko wayar ƙarfe su sakace jet. Ƙarfe ya fi tagulla tauri. Idan ramin ya faɗaɗa zuwa 0.80, filin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, zafi zai sauka, mutum ya yi murna, amma injin ya koma zuƙar mai da baƙin hayaƙi, fetur yana wanke maiƙon jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa.

Na jiƙa jet ɗin a ruwan wanke kafireto na awa ɗaya, sannan na zare sili ɗaya daga cikin wayar lantarki mai laushi, ta jan ƙarfe, na bi ramin da shi a hankali, na fesa, na hura. Da na sake ɗagawa, da'ira ce tsaf.

A saman jet akwai doguwar bututuwar tagulla mai ƙananan huji a jikinta. Ta nan iska ke shiga ta farfasa fetur kafin ya fito a maƙogwaron kafireto. Wannan maƙogwaron da ya tsuke a tsakiya ana ce masa benturi, sunan wani masanin Italiya ne, Giovanni Battista Venturi, wanda ya bayyana a 1797 yadda matsi ke raguwa idan ruwa ya bi ta matsattsiyar hanya. Wannan raguwar matsin ce ke tsotso fetur daga kofi zuwa sama, ba wani famfo a ciki. Huji uku na bututuwar sun toshe, na buɗe su.

Ƙaramin jet baƙar roba ce da aka danna daga sama, a ƙarƙashin sukurun silo, wanda ke saita ƙaramin gudun inji. Raminsa kusan rabin na babban ne, kuma shi ne a toshe fiye da rabi. Hakin da injin ke yi ba lodi daga nan yake: mai ya gaza a ƙaramar hanya, gudu ya faɗi, gwamna ya buɗe totur, babban jet ya kawo mai, gudu ya haura, gwamna ya rufe, a sake komawa gidan jiya. Na wanke shi, na duba 'yan zobban robarsa. Tsayin fulot, wato abin da ke yawo a kan fetur cikin kofi yana tsare yawansa, ya ba ni milimita 13.7, daidai da ƙa'ida, allurarsa kuma tana rufewa.

Na zubar da tsohon fetur daga tanki, na wanke ragar da ke bakin famfo, na hura hujin murfin tanki. Idan wannan hujin ya toshe, mai yana daina gangarowa bayan ɗan lokaci, alamunsa kuma iri ɗaya ne da na toshewar jet.

Asabar, 15 ga Maris

Na mayar da kafireto, sabon fetur, sukurun haɗi a zagaye biyu. Da lodi, minti ashirin, 186. Na bar shi har minti arba'in, ya tsaya a 189. Da dare wuyan salansa bai yi ja ba.

Amma hakin bai tafi duka ba. Ya ragu ƙwarai, sai dai duk bayan 'yan daƙiƙoƙi hannun gwamna yana ɗan zabura. Rabin cok har yanzu yana kwantar da shi. Kafireto a wanke yake tas, na tabbata, don haka iskar da ta yi yawa ba ta cikinsa take bi ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Tsakanin kafireto da kan silinda akwai wani baƙin faifan roba mai tauri, da gaskit a kowane gefensa. Aikinsa hana zafin silinda isa ga kafireto ya tafasa fetur. Duk iskar da ta sato ta wannan wurin ba ta bi ta benturi ba, ba ta ɗauko mai ba, tsinka haɗin kawai take yi.

Na tada injin da sanyinsa, tun salansa ba ta yi zafi ba, domin ruwan wanke kafireto da zan fesa in gano inda iska ke satowa yana kama wuta. Na ajiye abin kashe gobara kusa. Na sa siririn tsinken gwangwanin na fesa kaɗan a saman faifan. Shiru. Na fesa ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Nan take muryar injin ta nutse, hannun gwamna ya tsaya cak na daƙiƙa uku ko huɗu, sannan ya koma zaburarsa. Na maimaita sau biyu, haka ya yi. A janareta hannun gwamna ake kallo ba kunne kaɗai ba, saboda gwamnan yana saurin rufe canjin gudu kafin mutum ya ji.

Na sake sauke kafireto. Gaskit ɗin ciki ya bushe ya yi ƙamas, wani ɓangarensa ya manne a jikin silinda. Faifan kuma da na lanƙwasa shi kaɗan a gaban haske, sai ga tsaga siririya kamar gashi daga ramin noti zuwa bakin hanyar iska. Ranar Alhamis na riƙe shi a hannuna ban gan ta ba, don ban lanƙwasa shi ba. Irin wannan tsagar yawanci daga matse noti fiye da kima take zuwa, kuma tana ƙara buɗewa idan inji ya yi zafi. Ba zan liƙe ta da gam ba. Fetur da zafi suna cinye shi, guntunsa kuma ya faɗa cikin silinda.

Laraba, 19 ga Maris

Sabon faifai da gaskit sun samu. Kafin in ɗaura su na buɗe murfin bawul, tunda injin ya sha zafi na tsawon lokaci kuma a sanyi ake auna tazarar. Na juya filawil har fistin ya kai ƙololuwa a bugun matsi, bawul biyu a rufe. Na shigar iska ya kamata ya ba da milimita 0.15, ya ba da 0.14, yana cikin iyaka. Na hayaƙi ya kamata ya ba da 0.20, amma ko ganyen awo mai kaurin 0.10 da ƙyar ya shiga. Wannan ya dame ni fiye da tsagar. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke mafi yawan zafinsa ne lokacin da ya zauna a mazauninsa. Idan tazara ta ƙare, ƙarfe ya kumbura da zafi, bawul ya daina zama sosai, wuta ta riƙa lasar gefensa har ta cinye shi. Na saita shi a 0.20, na juya injin zagaye biyu, na sake aunawa.

Baƙin mai ya fito baƙi, ya tsinke kamar ruwa, yana ƙauri. Na zuba sabo, 10W-30, lita 0.6. Sabon fulogi BPR6ES, tazarar baki 0.7 zuwa 0.8. Notin kafireto na ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, har suka kama, ban ƙara ba.

Asabar, 22 ga Maris

Sai yau lokacin sukurun ya yi. Na bar injin ya yi ɗumi na minti goma, matatar iska a ɗaure a wurinta, don saita kafireto ba matata yaudarar kai ne, da an mayar da ita haɗin ya canja.

A zagaye biyu ba haki ko kaɗan. Duk da haka na nemi iyakokinsa. Na shiga da shi kwata-kwatan zagaye, ina jiran daƙiƙa goma sha biyar bayan kowane murɗi. A ɗaya da rabi hannun gwamna ya fara rawa. Na fito da shi, na wuce biyu, na wuce biyu da rabi. A uku muryar ta yi nauyi, hayaƙin ya fara yaji a ido. Na tsayar da shi a biyu da kwata, tsakiyar iyakokin biyu. A wannan irin kafireton fitar da sukuru ƙara mai ne, domin yana bayan totur ta ɓangaren inji. Akwai waɗanda sukurunsu iska yake tsaro, su akasin haka suke.

Na duba gudu da mita. A janareta mai maganaɗisu biyu, 50Hz, wato awon saurin kai-komon wutar da yake bayarwa, yana nufin juyi 3,000 a minti, 60Hz kuma 3,600. Nawa na 50 ne. Ba lodi ya nuna 50.5, da lodi ya faɗi 48. Gudun da ya yi ƙasa yana rage iskar fanka daidai lokacin da injin ya fi buƙatarta. Na ƙara jan sifirin gwamna da sukurunsa har ba lodi ya kai 52, da lodi ya zauna a 50.

Na sa lodin wat 2,000 gaba ɗaya a lokaci guda. Ya ɗan durƙusa, ya miƙe cikin daƙiƙa ɗaya, ba tari. Minti ashirin, 164. Awa ɗaya, 168. Awa biyu, 168. Rabin cok yanzu shaƙe shi yake yi, ya fitar da baƙin hayaƙi, abin da ya kamata lafiyayyen inji ya yi ke nan.

Na yi tunanin sa jet mafi girma da lamba ɗaya don ƙarin sanyi, na fasa. Lamba 72 da shi ya zo, yana kuma yin aikinsa. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kishiyar haka: akwai ƙananan jet da ake sa wa injinan da ke aiki a kan tsaunuka, sama da mita 1,500, inda iska ba ta da kauri. Idan irin wannan injin ya sauko ƙasa ba a mayar masa da jet ɗinsa ba, zafi zai ɗauka ko da kafiretonsa a wanke yake.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ya yi awa 31 yana aiki tun ranar da na saita shi. Yau na bar shi rabin awa da lodi, na kashe shi kai tsaye don kada gudun banza ya canja launin fulogi. Da ya huce na kwance: tangaran ya yi ruwan ƙasa mai haske, a bushe, ba ƙuraje. Awo 167. Bawul ɗin hayaƙi yana nan a 0.20, wato bai ci gaba da nutsewa ba. Zan sake auna shi idan ya cika awa 100, lokacin canjin baƙin mai.

Na rubuta alƙaluman a takarda na manna a cikin murfin matatar iska: jet 72, sukuru biyu da kwata, bawul 0.15 da 0.20, 52Hz ba lodi. Sati biyu masu zuwa ba zan yi amfani da shi ba, don haka na rufe famfon mai na bar shi yana aiki har ya mutu da kansa, sannan na kwance notin tsiyaya na kofin, ragowar fetur kamar cokali biyu ya zubo a gwangwani.